Wai 1..* ɗin nan na bakin layi, me yake ƙirgawa ne?

Duk wanda ya taɓa zana tsarin manhaja da UML, yaren zanen nan na akwatuna da layuka da masu gina manhaja ke amfani da shi, ya san 'yan lambobin nan da ake maƙalawa a bakin layi, 1 ko 0..1 ko 1..* ko tauraro shi kaɗai. Lambar hagu ita ce iyakar ƙasa, ta dama iyakar sama, tauraro kuma yana nufin ko nawa ne. Akwati biyu ne, ɗaya an rubuta Ɗalibi ɗaya an rubuta Sashe, layi ya haɗa su, a gefen Sashe an sa 1 a gefen Ɗalibi an sa tauraro, wato kowane ɗalibi sashensa ɗaya ne, shi kuma sashe zai iya kwasar ɗalibai ko nawa ne. A aji minti goma ya isa a gama wannan, kowa ya gyaɗa kai a wuce gaba. Kuma gaskiya in dai abu biyu ne kawai layin ya haɗa, kuma hoton lokaci guda kake kallo, ba wata matsala. Rigimar tana tasowa ne ranar da aka ce a ɗauki zanen a mayar da shi kod ko teburan rumbun bayanai, sai kaga mutum biyu sun karanta lamba ɗaya kowa ya gina abinsa daban, in kuma ka buɗe kundin ƙa'idar UML ɗin don ka raba musu gardama sai ka tarar a wasu wuraren shi ma kundin bai yanke hukunci ba, a wasu wuraren kuma ya yanke amma hukuncin ba shi ne wanda mutane ke zato ba.

Abin ya samo asali tun kafin UML. A 1976 Peter Chen ya fito da tsarinsa na zana abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu don masu rumbun bayanai, kuma a wajensa lambar ana sa ta ne a can ɗaya gefen, ka tsaya a kan Ɗalibi ka hango tsallaken layi ka ga sashe nawa ne. Su kuma Faransawa da tsarinsu na Merise, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, a gefenka suke sa lambar, kuma tambayar da take amsawa ita ce sau nawa kai ɗin nan kake shiga cikin alaƙar. Da Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa UML a kamfanin Rational, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a 1997, salon hango tsallake suka ɗauka. To a alaƙa mai kai biyu, wato wadda ta haɗa abu biyu kawai, bambancin salon nan biyu bai wuce musayar wuri ba, ka ɗauke lambar dama ka kai hagu shikenan kun daidaita. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka abu ɗaya ne. Amma da zarar kawuna sun zama uku, tambayoyi biyu ne mabambanta kwata-kwata, kuma ba yadda za ka lissafo amsar ɗaya daga ɗaya.

Bari mu zauna a kan wannan sosai don nan ne ramin ya fi zurfi. Ka ce jami'a ce, kana da Ɗalibi da Kwas da Malami, alaƙa ɗaya ta haɗa su ukun da ɗan lu'u-lu'un nan da ake zanawa a tsakiya, kowace igiya, wato misali guda ɗaya na alaƙar, tana cewa ɗalibi wane yana ɗaukar kwas kaza a hannun malam wane. Kana so ka ce ɗalibi ba ya ɗaukar kwas ɗaya a hannun malamai biyu, kuma ba a ɗaukar kwas ba malami. Hannunka da kansa zai je ya rubuta 1 a gefen Malami. Ƙa'idar UML ta ce yadda ake karanta lambar shi ne ka kafe sauran kawunan, wato ka zaɓi ɗalibi ɗaya da kwas ɗaya, sannan ka ƙirga malamai nawa ne suka fito tare da su. Iyakar sama ba ta da rikici, kar su wuce ɗaya, kowa ya gane. Iyakar ƙasan ce matsala. Wane ɗalibi da wane kwas za ka zaɓa? Waɗanda dama akwai igiya tsakaninsu, ko kowane ɗalibi da kowane kwas da ke cikin tsarin?

In ka ce waɗanda dama suna da igiya, to 1 ɗin nan bai faɗi komai ba, don duk igiyar da ta wanzu ai da malami a jikinta, ba za ka taɓa ƙirga sifili ba, kenan 0..1 da 1..1 sun zama abu ɗaya, ka rubuta wanda ka ga dama. In kuma ka ce kowane ɗalibi da kowane kwas, to ka jawo wa kanka aiki, domin ɗalibai 200 da kwas 30 sun ba ka haɗi 6,000 kuma kowane haɗi dole a samu malami ɗaya a kansa, ma'ana ka tilasta wa kowane ɗalibi ɗaukar duk kwasakwasan makarantar, ɗan lissafi ya zauna ajin adabi. Lambar a gefen Malami ka rubuta ta amma ta yi tsalle ta faɗa kan Ɗalibi da Kwas. Akwai karatu na uku da wasu ke yi a zuci ba tare da sun faɗa ba, wai 0 a gefen Malami yana nufin za a iya samun igiya tsakanin ɗalibi da kwas wadda ba malami a jikinta tukuna, igiya gurguwa kenan mai ƙafa biyu a inda ake bukatar uku. Masu rumbun bayanai suna son wannan don ya yi kama da barin gurbi fanko a tebur, sai dai ya saɓa wa ma'anar igiya a UML, inda dole kowane kai ya samu abinsa.

Wannan rabe-rabe ukun ba ni na ƙirƙiro ba. Gonzalo Génova da Juan Llorens da Paloma Martínez na jami'ar Carlos III da ke Madrid ne suka baje shi, a taron UML na 2001 a Toronto sannan a mujallar Software and Systems Modeling a 2002, suka nuna cewa rubutun UML na lokacin bai fayyace wanne ake nufi ba. Suka kuma ba da shawarar a ƙara wata lamba ta biyu irin ta Merise a kusa da ta farkon, don a samu damar faɗin sau nawa kowane abu ke shiga alaƙar. Da UML 2 ya fito a 2005, kundin ya ɗauki karatu na biyu ƙarara, ya ce iyakar ƙasa a alaƙa mai kawuna da yawa galibi sifili ce, in ka sa 1 to kana nufin dole a samu igiya ga kowane haɗin da zai yiwu na sauran kawunan. Madalla, an toshe wannan kafar. Amma lambar ta biyun ba a ƙara ba. Sakamakon shi ne yau in ka bi ƙa'ida sau da ƙafa, kusan duk alaƙa mai kai uku za ka rubuta mata 0..1 ko tauraro ne a kowane gefe, kuma abin da mai makarantar ya fi damuwa da shi, wato kowane kwas dole ya samu aƙalla ɗalibi ɗaya, ko malami kar ya wuce kwas huɗu, babu inda za ka rubuta shi a bakin layi. Sai dai ka koma OCL, yaren sharuɗɗan nan da ke tafiya tare da UML, ka rubuta shi a gefe, ko ka manna 'yar takardar bayani a jikin zanen. A ganina wannan gyara ne na lauya, an kare kundin daga zargin harshen damo amma mai zane an bar shi inda yake. Kuma har gobe za ka ga zane-zane a littattafan koyarwa da ayyukan kammala digiri an sa 1 ko 1..* a alaƙa mai kai uku, wanda in aka karanta da ƙa'ida maganar banza yake faɗi, marubucin karatun Merise yake yi a ransa da alƙalamin UML.

Irin wannan tarkon yana nan a ƙaramin akwatin tantancewa da ake liƙawa a jikin aji, wato babban akwatin zanen irin na Ɗalibi ko Sashe, misali Banki da lambar asusu suna kai ka ga Asusu. In ka sa 1 a gefen Asusu ka ce kenan duk lambar da mutum zai iya bugawa akwai asusu a kanta. 0..1 ne daidai. Shi kuma adadin asusun da bankin ke da su gaba ɗaya, ba tare da lambar ba, ya ɓace daga zanen.

Sai maganar lokaci, wadda ni ita ta fi ba ni haushi don ta shafi har alaƙa mai kai biyu da ake cewa ba ta da matsala. Ka ce Oda dole ta kasance da aƙalla Kaya ɗaya, 1..*, shi kuma kowane kaya dole ya kasance na oda ɗaya tak. To wanne za ka fara ƙirƙira? In ka fara da odar, a wannan daƙiƙar ba ta da kaya, ta karya doka. In ka fara da kayan, ba shi da oda, shi ma ya karya. Dole dai akwai wani ɗan tsakani da dokar take a karye, tambayar ita ce yaushe ne ake zuwa dubawa. Bayan kowane umarni? Bayan aikin da aka kira ya dawo? Lokacin adanawa? Kundin UML 2, a ɓangaren da ya yi bayanin ayyukan ƙulla igiya da tsinke ta, ya bar wa mai zane ne ya yanke lokacin da za a tilasta iyakar ƙasa, kuma game da ƙulla igiyar da za ta haura iyakar sama cewa ya yi ba a ayyana abin da zai faru ba. Wato in mota mai kujera huɗu ta samu fasinja na biyar, ko manhajar ta ƙi, ko ta yi ihu, ko ta yi shiru ta karɓa, duk ba wanda ya saɓa wa UML.

Kayan aikin da ake amfani da su kuma kowa ya cike gurbin yadda ya ga dama. A Ecore, tsarin fayyace ajujuwa na dandalin Eclipse, za ka iya ƙirƙirar abu ka bar shi ba tare da cika iyakar ƙasa ba, ba abin da zai ce maka sai ka kira mai tantancewa da kanka, kuma shi dama bai san alaƙa mai kai uku ba sam, nuni biyu ne masu kallon juna kawai. A SQL kuwa, yaren rumbun bayanai, gefen 1 yana da sauƙi, mabuɗin waje ne, wato ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur, da hana barin gurbi fanko. Gefen 1..* ne ba shi da magani mai sauƙi, domin ba wani ginshiƙi a teburin Oda da zai hana ta zama ba kaya. Ma'aunin SQL na 1992 ya tanadi umarnin CREATE ASSERTION da zai iya wannan aikin, amma manhajojin rumbun bayanai PostgreSQL da MySQL ba su aiwatar da shi ba. Abin da PostgreSQL ya ba ka shi ne jinkirta duba wasu sharuɗɗa zuwa ƙarshen ma'amala, sai ka haɗa da tirigar da ka rubuta da hannunka, wato ɗan kod ɗin da ke tashi da kansa in an taɓa tebur. Mafi yawan masu kod ba sa yi. Don haka 1..* ɗin da aka zana aka sa hannu a kai, a cikin rumbun tauraro ne kawai, kuma ranar da rahoto ya fito da oda mai jimillar sifili sai a fara neman wanda ya yi laifi.

Akwai wani fannin lokacin kuma, na tarihi. Ɗauki aure, tunda duk mun san dokarsa. Namiji 0..4 a gefen mata, mace 0..1 a gefen miji. Wannan gaskiya ne a kowane lokaci guda, amma in manhajar ta kotu ce ko ta masu rabon gado, tarihin ake so, kuma a tsawon rayuwa mutum zai iya auren mata fiye da huɗu, mace ma ta yi aure fiye da sau ɗaya. UML hoton lokaci guda yake ƙirgawa, ba shi da wata alama ta cewa wannan lambar ta yanzu ce waccan ta tsawon rai ce. Da ka yanke shawarar ajiye tarihi sai 0..4 ta koma tauraro, dokar huɗun ta fice daga zanen ta koma cikin sharaɗin da zai duba ranakun ɗaurawa da na rabuwa.

To a nan ne wata tsohuwar rigimar ke shigowa. Ka mayar da Aure ajin alaƙa, wato alaƙa mai akwatinta na kanta, mai ɗauke da ranar ɗaurin aure da sadaki da waliyyi. Malam ya saki matarsa, idda ta cika, bayan shekara biyu aka sasanta aka sake ɗaura sabon aure da sabon sadaki. Mutum biyun nan dai su ne, amma aure biyu ne. Zanen zai ɗauka? A UML 1 alaƙa tarin igiyoyi ce da ba a maimaita iri ɗaya a cikinta, don haka tsakanin mutum biyu igiya ɗaya ce tak, aure na biyun ba shi da wurin zama, kuma haka aka koyar da mutane shekara da shekaru, cewa ajin alaƙa guda ɗaya yake yarda da shi tsakanin kowane biyu. UML 2 ya zo da alamar da ke cewa kan layi zai iya karɓar maimaici, sannan UML 2.5 na 2015 ya faɗa a fili cewa ko da duk kawunan ajin alaƙa an ce ba maimaici, ana iya samun fiye da ɗaya tsakanin abubuwa iri ɗaya. Kenan zane ɗaya, ba a taɓa ko ɗigo a jikinsa ba, a 2003 yana hana aure na biyu a 2016 yana halatta shi. Wanda ya yi karatu da tsohon littafi zai sa mabuɗin tebur ya zama miji da mata, wanda ya karanta sabon kundi zai ba kowane aure lambarsa, kuma kowannensu yana da hujja.

Shi kansa maimaicin ya buɗe wata ƙofar. Jerin waƙoƙi a waya zai iya ɗaukar waƙa ɗaya sau uku. Daga gefen jerin, in an yarda da maimaici, uku za ka ƙirga. Daga gefen waƙar, in an ce ba maimaici, jeri ɗaya take ciki. Igiyoyi uku ne ko ɗaya? Lambar bakin layin igiyoyi take ƙirgawa ko abubuwa mabambanta? Amsar da aka tsaya a kai ita ce ya danganta da alamar da ke kan wannan gefen, wanda ke nufin gefe biyu na layi ɗaya suna iya ƙirga abu biyu daban. Dragan Milićev ya yi rubutu a kan wannan a 2007 a mujallar injiniyancin manhaja ta IEEE, yana ƙoƙarin daidaita ma'anar kawunan alaƙa da ke da irin wannan gaurayen. Nawa ne cikin masu zane suka san ma akwai alamar balle su sa ta? Kaɗan ne ƙwarai.

Ƙananan abubuwa ma suna nan birjik. UML 1 yana barin ka rubuta 2,4 wato biyu ko huɗu ban da uku, kamar ƙofofin mota, UML 2 ya cire wannan ya bar tazara ɗaya kawai. In kuma ba a rubuta komai a bakin layin ba, wasu za su ce 1 ne tunda haka yake ga sifar da ke cikin akwati, wasu su ce mai zanen bai faɗa ba ne kawai, kayan zane kuma kowanne da abin da yake cusawa a ɓoye.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne za ka iya rubuta lambobin da kowacce daidai take ita kaɗai amma a haɗe ba za su taɓa cika ba. Ka ce kowane ma'aikaci yana da shugaba ɗaya tak, kuma kowane ma'aikaci yana shugabantar mutum biyu daidai. Ƙirga igiyoyin ta gefen farko, yawansu daidai da yawan ma'aikata. Ƙirga ta ɗaya gefen, ninki biyu ne na yawan ma'aikata. Lambar da ta yi daidai da ninkinta sifili ce kawai, don haka ko kamfanin ba kowa a ciki ko kuma ma'aikatansa ba su da iyaka. Maurizio Lenzerini da Paolo Nobili sun nuna tun 1990 yadda ake mayar da irin waɗannan lambobi lissafin rashin daidaito a gano ko za su cika, kuma a 2005 Daniela Berardi da Diego Calvanese da Giuseppe De Giacomo suka nuna cewa tantance zanen ajujuwan UML gaba ɗaya aiki ne mai tsananin nauyi ga kwamfuta, irin wanda lokacinsa ke iya ninkuwa yana ninkuwa da girman zanen. Kundin UML bai ɗora wa kowa alhakin wannan binciken ba, manhajar zane za ta karɓi kamfanin nan mara yiwuwa ta fitar maka da kod ɗinsa lafiya lau.

Wasu za su ce ai UML dama ba don wannan tsanani aka yi shi ba, zane ne na allo don mutane su fahimci juna, kuma akwai gaskiya a ciki, in hira ce a ofis ba wanda zai mutu don an sa 1 a inda ya kamata a sa 0..1. Amma OMG ɗin ce da kanta ta tallata tsarin fitar da manhaja kai tsaye daga zane tun 2001, kuma in injin ne zai karanta to ba ya gyaɗa kai ya ce na gane abin da kake nufi. Masu tsarin ORM na su Terry Halpin, wani salon zana bayanai daban mai suna Object-Role Modeling, sun kauce wa yawancin wannan ta hanyar raba tambayar gida biyu, alamar hana maimaici daban, alamar wajabcin shiga daban, kowacce a kan gurbin da ta shafa, shi ya sa alaƙa mai kai uku ba ta ba su wahala haka.

Dabarar da yawancin ƙwararru ke yi a UML ita ce su rushe lu'u-lu'un gaba ɗaya. Maimakon alaƙa mai kai uku sai a ƙirƙiri aji sabo, a ce Rajista, a ja masa layi uku masu kai bibbiyu zuwa Ɗalibi da Kwas da Malami, kowanne da 1 a can gefen. Yanzu lambar da ke gefen Rajista ta zama irin ta Merise, kana iya cewa kowane kwas 1..* ne, kowane ɗalibi kaza zuwa kaza, kuma Ecore da SQL duk za su karɓa. Sai dai ka sani ka yi musaya ne, don dokar farkon da ta kawo mu, cewa ɗalibi ɗaya da kwas ɗaya malaminsu ɗaya ne, ta zube a hanya, babu abin da ya hana a yi Rajista biyu masu ɗalibi ɗaya da kwas ɗaya da malamai daban, ko ma Rajista biyu iri ɗaya sak. Wannan sai ka dawo da ita da hannu, a OCL ko a matsayin sharaɗin hana maimaici a kan ginshiƙan ɗalibi da kwas a teburin, in kuma makarantar tana barin wanda ya faɗi ya sake ɗaukar kwas ɗin to sai ka ƙara zangon karatu a cikin ginshiƙan, in ba haka ba mai ɗauke da kwantan kwas ba zai iya rajista ba.